Ƙyalle Mai Ƙulli Uku da Jitar Malam

Na sayi kaya da yawa a rayuwata, na kuma sayar da yawa, har wasu na manta kamanninsu. Amma akwai ciniki ɗaya da ko tsufa ya cinye ni ba na jin zai fita daga raina. Shi ne na ranar da na tashi daga Kudan na tafi neman jita, ni da a lokacin ko tsirkiya nawa gare ta ban sani ba.

Ni dillaliya ce. Da tiren kayan kwalliya na fara, ina shiga gida gida, har Allah ya sa yau gado, katifa, kwanukan jere, keken ɗinki, babu wanda bai ratsa hannuna ba. Ban yi boko ba. Maigidana kuwa malamin firamare ne da ya yi ritaya. Tun yana kwalejin horon malamai ya koyi kaɗa jita wajen wani abokinsa, kuma ba da ɗan robar nan da samari ke kartar tsirkiya da shi yake yi ba. Da yatsu yake yi. Babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri, manuni da na tsakiya suna tsinkar sirara ɗaya bayan ɗaya. Shi ba maroƙi ba ne, bai taɓa kaɗawa a gaban taro ba. Gidansu gidan malamai ne, saboda haka a ɗaki yake abinsa bayan la'asar, a hankali, sautin ko katanga ba ya ƙetarewa. Waccan jitar tasa gara ta cinye ta wata damina, hidimar iyali kuma ba ta bar shi ya sake wata ba.

Ana nan sai hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye. Muka yi jinya a Zariya. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ne ya tsaya rabi da rabi. Yatsu suna motsi, amma kafaɗa ba ta ɗaguwa. Likita ya faɗa mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, ya ce hannun da ba a aiki da shi sandarewa yake yi, in aka bar shi 'yan watanni a ajiye to sai dai haƙuri. Ya ce a riƙa zuba masa wake a faifai yana tsinta ɗaya ɗaya. Malam ya yi kwana biyu yana yi. Rana ta uku ya ture faifan, ya ce shi da ya koya wa rabin garin nan riƙon alƙalami ba zai ƙare a tsintar wake ba.

Babban ɗanmu da ke aiki a Kano shi ya tuna da maganar jita, kuma tunaninsa ya yi kyau. Sai ga shi ranar wata Asabar da ita a cikin baƙar jaka, ƙatuwa, ja, tana sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa a jiki. Duk wanda ya leƙo sai ya sa albarka. Ai haka muke, in ɗa zai yi wa ubansa kyauta, girman kayan shi ne girman uban. Rago babba, riga babba, to jita ma dole babba. Ni kaina ban ga aibu ba a lokacin.

Malam ya ɗora ta a cinya, cikinta ya kai masa kusan haɓa. Kafin yatsunsa su kai kan tsirkiya dole sai ya ɗaga kafaɗa ya zagayo da hannu ta samanta, abin da ba ya iyawa ke nan. Ina kallo gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya cije, ya ɗaga, yatsu suka taɓa, wani sauti marar daɗi ya fito, hannun ya zame ya faɗi. Ya yi murmushi ya sa wa yaron albarka. Da yaron ya koma sai ya ce da ni, “Hajiya, rataye ta. Hannun nan ya riga ni tafiya.”

Daga ranar ya cusa hannun a aljihun riga. Ya daina fita majalisa don kada a miƙo masa hannun gaisuwa. 'Yan dubiya kowa sai ya ce a yi haƙuri, haka Allah ya so. Ni ma na yarda haka Allah ya so, amma akwai abin da nake gani wanda su ba sa gani. In ya idar da salla ya manta da kansa, hannun yana kwance a kan cinya, da shi yake jan carbi, ƙwaya bayan ƙwaya, ba ya tsallake ko ɗaya. To yatsun da ke jan carbi ba matattu ba ne. A sana'ata, in gado ya ƙi shiga ɗakin amarya ba ma cewa ɗakin ya lalace. Mun san gadon ne aka sayo ba tare da awo ba.

Ni ban iya karanta tef ɗin tela ba, kuma ban taɓa buƙatarsa ba. Ƙyalle nake yagewa dogo, in auna taga ko ƙofa, in ƙulla a inda awon ya tsaya. Wata safiya na yagi ƙyalle na same shi a zaune, na ce ya saki jikinsa yadda ba ya jin ciwo. Na auna daga cinya zuwa hammata na ƙulla. Na auna iyakar inda gwiwar hannunsa ke iya rabuwa da haƙarƙari kafin ya yamutsa fuska, na ƙulla. Na auna daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, na ƙulla na uku.

Ya dube ni ya ce, “Likkafani kike auna mini ne?”

Na ce, “In likkafani ne ai a kwance zan auna ka, Malam.”

Sai ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa an fi wata biyu. Na shiga ɗaki na gwada ƙyallen a jikin jan jitar. Ta zarce ƙullin farko da kusan tafin hannu, kaurinta kuma ya wuce na biyu. Nan na tabbata ba hannun Malam ne ya kasa ba.

Kuɗin sayen wata babu, jinya ta riga ta share mu. Abin da ke hannuna shi ne ita wannan ƙatuwar, kuma kyautar ɗa ce, ba a fitar da ita a ɓoye. Na kira yaron a waya na faɗa masa niyyata. Ransa bai so ba, ya fara ba ni labarin yadda ya zaga shaguna kafin ya samo wadda ta fi kowacce. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi, ya saya ne don a rataye ko don uban ya kaɗa? Can ya ce, “Umma, yi yadda kika ga ya dace.”

Ranar kasuwar Makarfi na naɗe jitar a zani na hau mota. Akwai wani mai kayan gwanjo da muka saba, yana sayar da rediyo da dutsen guga da irin su. Yana da jita ƙanana guda biyu. Ɗaya da gani ta wasan yara ce, ban ko taɓa ta ba. Ɗayar kyakkyawa, an manna mata hoton fure a ciki, kuma ƙyallena ya yarda da ita. Har na fara murna. Sai na yi mata abin da nake wa ƙwarya kafin in saya, na ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa. Gefe ɗaya ya amsa da kyau, wajen furen kuwa sai ya yi wani busasshen sauti kamar an taɓa fasasshiyar tukunya. Na sa farce na ɗaga bakin hoton, ga tsaga nan an cike da gam. Na ɗaga ta na kanne ido ɗaya na bi wuyan da kallo yadda nake duba taɓarya, na ga ya lanƙwashe.

Mutumin ya ce, “Hajiya, ashe makaɗiya ce ke ban sani ba?”

Na ce ni ba makaɗiya ba ce, amma ƙwaryar da na saya a duniya ba ta ƙirguwa, kuma abu mai rami a ciki duk dokarsa ɗaya. Ya yi dariya, ya rantse shi ma haka ya saye ta. Idonsa kuma yana kan tawa. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ta musaya ce. Da ya ga ba zai samu ba sai ya yi mini kirki, ya ce in wuce Ikara, ta wajen Malikanchi akwai wani dattijo kafinta, Bahaushe ne Kirista, shi ke gyara wa coci-cocin yankin kayan kiɗa, ba a rasa jita a rumfarsa.

Motar da na samu rake ne fal a bayanta, na rungume kayana a cinya. Wata mata kusa da ni ta yi ta satar kallo, ta kasa haƙuri ta tambaye ni ko mene ne. Na ce magani ne. Ban yi mata ƙarya ba.

Na same shi kafin azahar a ƙarƙashin rumfar kwano, yana feƙe ƙafar benci. Muka gaisa, gida da iyali, aiki da gajiya, ya tambayi mutanen Kudan, na tambayi nasa, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan na warware zanin, na kuma warware masa zancen duka, ban ɓoye komai ba. Ya daɗe yana juya ƙyallena a hannu. Ya ce shekararsa nawa yana wannan aiki, mutane suna zuwa da hoto a waya su ce irin wannan suke so, amma ba a taɓa zuwa masa da awon mai kaɗawa ba.

A wurinsa na koyi abin da ya kamata in sani. Ya ce mai kaɗawa da yatsu abu uku yake nema. Tsirkiyoyi su kwanta kusa da wuya don kada dannawa ta zama aiki. Su kasance da 'yar tazara a tsakaninsu yadda yatsa zai shiga ya fita bai taɓa maƙwabciya ba. Cikin kuma ya zama ƙarami, mai saurin amsawa. Ya ce, “Babbar jita kamar babban gida ce, Hajiya, sai kin ɗaga murya a ji ki. Ƙarama kuwa ko raɗa kika yi za ta amsa.”

Ya fito mini da wata sabuwa, matsakaiciya, wadda ya sayo daga Zariya. Na lura ita yake so in ɗauka, kuma tsakani da Allah ba ta da laifi. Amma idona ya riga ya sauka kan wata a rataye can ƙurya, mai siririn ƙugu, fentin ya goge a inda hannu ke hutawa. Ya ce wannan ai 'yan mawaƙansu sun ƙi ta, in ganguna suka tashi ba a jin ta ko kaɗan. Na ce ya sauko da ita. Ƙulli na farko ya zauna daidai, na biyu har da rara. Sabuwar ma ta shiga na farko, sai dai a na biyu ta ɗan zarce, da kamar yatsa biyu. Ya ce yatsa biyu ba komai ba ne. Na ce ga mai lafiya ba.

Sai na ciro 'yar jakar kuɗina ta fata na miƙa masa. Na ce ya matse ta a hammatar dama, ya kaɗa mini kowacce, kada ya bar jakar ta faɗi, domin iyakar buɗewar hannun Malam ke nan. Ya ɗauki sabuwar, ya fara, bai yi nisa ba jakar ta sulluɓe ta faɗi cikin ɓawon katako. Ya sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Ya ɗauki tsohuwar. Hannunsa ya sauko mata kamar an yi su tare. Ya yi ta kaɗawa da yatsu, wani kiɗa mai sanyi, jakar tana nan a matse har ya gama. Ya ajiye, ya girgiza kai, ya ce yau an koya masa sana'arsa a rumfarsa.

Duk da haka ban saki jiki ba, don son abu shi ke rufe wa mai saye ido. Na ƙwanƙwasa ta ciki da baya, ko'ina ta amsa. Na duba wuya, a miƙe yake sak. Na duba ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kai, babu alamar ɗagowa. Na murɗa kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su ɗaya ɗaya, biyar suna tafiya lafiya, na shida ya cije. Da wannan kunnen na buɗe ciniki.

Ni da shi duk mun san tawa ta fi tasa daraja nesa ba kusa ba, kuma ita ce irin wadda mutanensa ke nema, mai cika ɗaki. Mutum ne mai gaskiya, da kansa ya ce zai yi mini ciko. Na ce ba na son ciko na kuɗi, kuɗi in ya shiga gida cefane ke cinye shi. Na ce ya gyara kunnen, ya sa mata sababbin tsirkiyoyi mafi sirantaka da laushi, ya ƙara kwantar da su, sannan ya yi mini kujera marar hannu mai jingina, daidai zaman Malam, don kujerun gidanmu duk masu hannu ne, suna tokare gwiwa. Ya ce kujera da tsirkiya da aiki, ai sun fi ƙarfin cikon. Na ce shi ya sa na zaɓe su. Muka yi dariya, muka shirya. Na yi salla a gidan maƙwabtansa, kafin la'asar ya gama da jitar, kujera kuma ya aiko da ita a mota bayan kwana huɗu. In ban da kuɗin mota, ko sisi bai fita daga jakata ba.

Da na warware zanin a gaban Malam, ya dubi gogaggen fentin, ya dubi ƙusar da ja take rataye, ya gane abin da ya faru. Ya ce, “Kin ba da sa kin karɓo akuya.”

Na ce, “Akuyar da ake tatsa ta fi san da ake kallo.”

Ban ce ya gwada ba. Mu dillalai mun san in ka matsa wa mutum da kaya, ƙin su yake yi ko yana so. Sai dai ka bar su a ɗakinsa su kwana, ka tafi abinka. Na jingine ta a gefensa na dama, inda ba sai ya miƙa ba. Na ce masa duk abin da ya shigo hannuna haja ce, in ba ta da amfani a gidan nan kasuwar mako na sama zan fita da ita. Kuma da gaske nake, shi ma ya san ni.

Kwana ɗaya, biyu, uku, tana nan yadda na ajiye ta. A nan ne na fara shakkar kaina. Na rabu da kyautar ɗana, na sha hanya, in wannan ma ta kasa to na tabbatar masa da abin da yake faɗa, kuma ba zai sake yarda ya gwada komai ba. Abincin kirki ban ci ba a kwanakin nan, amma ban bari ya gani ba.

Rana ta biyar da hantsi ina tsakar gida ina goge wasu kwanuka da zan kai wa wata, sai na ji tsirkiya ɗaya ta yi ƙara. Shiru. Ta sake. Sai wata ta bi ta. Hannuna ya tsaya a cikin kwano, amma ban waiwaya ba, don mai sha'awar kaya in ya ga ana kallonsa ajiyewa yake. Na ci gaba da gugar kwanon da ya riga ya fita tas. Abin da ke fitowa ba kiɗa ba ne tukuna, tuntuɓe ne, ya yi uku ya tsaya, ya koma farko. Da na shiga kai masa abinci ta koma mazauninta, hannu ya koma aljihu, ya ce kunnenta ne kawai ya gwada. Na ce to.

Haka muka yi ta yi, shi yana ɓoyewa, ni ina yin kamar kurma, har ranar kasuwar ta zo. Na yi shiri, na yafa mayafi, na shiga da zani na shimfiɗa, na kama wuyan jitar zan ɗaga.

Ya ce, “Ina za ki da ita?”

Na ce, “Kasuwa, kamar yadda na faɗa.”

Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Riƙo sosai, har na ji zafi. Na duba, hannun dama ne. Shi kansa bai san da shi ya kama ni ba sai da ya ga inda nake kallo. Muka tsaya a haka, ni da shi muna duban hannun. Bai saki ba. Ya ce, a hankali, “Ajiye. An saya.”

Ba zan ce ya warke sarai ba, ni ba na ƙara wa haja abin da ba ta da shi. Kafaɗar har yau ba ta ɗaguwa, ɗan yatsan tsakiya kuma malalaci ne, da babban yatsa da manuni yake yawancin kiɗansa. Amma hannun bai sandare ba. Da shi yake cin tuwonsa, da shi yake rubutu, ko da yake rubutun ya ɗan karkace. Da yaron ya zo hutu ya jiyo sautin tun daga zaure, ya tsaya can bai shigo ba sai da uban ya kai ƙarshe. Da ya shigo bai tambayi ja ba.

An sha yaba mini a kan cinikin da na ci riba, amma wannan da ban ci ko kwabo ba shi nake alfahari da shi. Ya koya mini cewa sau da yawa mukan yanke wa mutum hukuncin ya ƙare, alhali abin da muka ɗora masa ne ya fi ƙarfin inda yake a yau. Mukan sayo wa mutum abin da ya dace da girmansa a idonmu, mu manta da abin da hannunsa zai iya kaiwa. In kana son wani da gaske, kafin ka tafi kasuwa, zauna kusa da shi ka auna shi tukuna.